AFP ko sabon gwajin sinadaran jini: wanne ya dace da mai tabon hanta?

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce ciwon hanta nau'in B ya yi masa tabo a hanta, likita ya ɗora shi kan sikanin da gwajin AFP duk bayan wata shida, sai kuma kika ji labarin wani sabon gwaji da ke duba ƙananan sinadaran da jiki ke samarwa wajen sarrafa abinci, wai ya fi AFP saurin gano kansa. Kina tambaya ko ku bar tsohon ku nemi sabon. Kada ku bari. Amma ba ƙarya aka faɗa miki ba, sai dai labarin bai zo miki a cike ba.

AFP furotin ne guda ɗaya. Hantar ɗan tayi ce ke yin sa da yawa, bayan haihuwa ya ragu har ya kusa ɓacewa. A 1963 Garri Abelev, masanin Tarayyar Sobiyet, ya gan shi ya dawo a jinin ɓerayen da ke da ƙari a hanta, a 1964 kuma Yuri Tatarinov ya same shi a jinin mutane masu kansar hanta. Tun daga nan ake gwada shi, shi ya sa likitoci suka san halinsa ciki da waje. An saba ɗaukar nanogiram 20 a kowane mililita a matsayin iyakar da za a fara zargi, idan ya haura 400 kuwa zargin ya yi ƙarfi. Laifinsa biyu ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu kansar hanta AFP ɗinsu ba ya tashi, musamman idan ƙarin ƙarami ne. Sannan yana tashi ba tare da kansa ba: a juna biyu, a lokacin da ƙwayar cutar hanta ta motsa, da kuma wasu nau'o'in kansar maraina.

Sabon gwajin ba abu ɗaya yake nema ba. Hanta ce cibiyar sarrafa sukari da kitse da furotin a jiki, ita ke yin ruwan matsarmama, don haka duk abin da ya taɓa ta sai ya bar sawu a jini. Ƙwayoyin kansa kuma suna da nasu cin. Otto Warburg na Jamus ya lura tun shekarun 1920 cewa suna zuƙar sukari fiye da ƙima suna mayar da shi wani sinadari da ake kira laktet ko da akwai iskar oksijin a wadace. To sai masu bincike suka ce, me zai hana a auna ɗaruruwan waɗannan ƙananan sinadarai a lokaci guda, da na'urar da ke tantance su ta nauyinsu, a ga ko kansa na da fasalin da za a iya gane ta da shi? An ga abubuwa kuwa. A jinin masu kansar hanta sinadaran ruwan matsarmama kan yi yawa, wani nau'in kitse da ake kira LPC kan ragu, ma'aunin amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, kan karkace. Wani babban bincike daga Sin da aka wallafa a mujallar Hepatology a 2018, wanda ya haɗa mutum 1,448, ya zaƙulo sinadarai biyu, fenilalanil-tiriftofan da gilaikokolet, ya kuma nuna cewa suna iya kama ƙananan ƙari har a wasu da AFP bai nuna komai ba.

Ga inda gizo ke saƙar, kuma nan ya fi shafar Baba. Mafi yawan kansar hanta a kan hantar da ta riga ta yi tabo take tsirowa. Shi kansa tabon yana hargitsa waɗannan sinadarai: yana ɗaga na matsarmama, yana rage LPC, yana karkatar da amino asid, tun kafin a yi maganar kansa. Neman alamar ƙaramin ƙari a irin wannan jini kamar neman ƙamshin turare ne a ɗakin da hayaƙi ya turnuƙe. Saboda haka duk lokacin da kika ga an ce wani gwaji ya gano kansa da kashi casa'in da wani abu cikin ɗari, tambayi da su wa aka kwatanta. Idan da masu ƙoshin lafiya ne, sakamakon ba ya gaya mana komai game da mutum irin Baba. Gwajin da zai amfane shi shi ne wanda zai raba mai tabo kaɗai da mai tabo da kansa, kuma a nan ne alƙaluman kan sauko. Yawancin binciken ma jinin waɗanda aka riga aka san suna da kansa aka ɗiba. Bin masu tabo shekara da shekaru a ga wa gwajin zai kama kafin hoto ya nuna, wannan aiki ne dabam, mai tsada da cin lokaci.

Akwai kuma batun ɗibar jinin. AFP ba ruwansa da ko mutum ya karya kumallo. Ƙananan sinadaran nan kuwa abin da aka ci jiya da dare, magungunan da ake sha, ƙwayoyin da ke zaune a hanji, har sa'ar da aka ɗibi jinin, duk suna motsa su. Idan aka bar kwalbar jini a kan tebur na 'yan sa'o'i ba a raba ruwan da ƙwayoyin ba, jajayen ƙwayoyin za su ci gaba da cin sukarin da ke ciki suna fitar da laktet, sai na'ura ta karanta abin da ya faru a kwalba maimakon abin da ke faruwa a hanta. Wannan na cikin dalilan da ɗakunan bincike biyu kan fito da jerin sinadarai mabambanta a kan cuta ɗaya. Babu wata iyaka da aka amince da ita kamar 20 ɗin AFP, kuma manyan ƙungiyoyin likitocin hanta na Amurka da Turai ba su sa sabon gwajin cikin gwaje-gwajen yau da kullum ba.

Ba wai tsarin da ake kai yanzu cikakke ne ba. Wani nazari na 2018 da ya tattara bincike da dama ya nuna sikanin kaɗai na kama kusan kashi 45 cikin ɗari na kansar da ke matakin farko, idan aka haɗa da AFP ya kai 63. Ke nan ana rasa da yawa, shi ya sa ake ta neman ƙarin gwaji. Sai dai shi wannan tsarin an gwada shi a kan rayuka: a Shanghai an bi mutum fiye da 18,000 masu ciwon hanta, rahoton da ya fito a 2004 ya nuna mace-macen kansar hanta sun ragu da kashi 37 cikin ɗari a rukunin da ake duba su duk wata shida. Sabon gwajin bai kai ga irin wannan shaida ba tukuna.

Wajen bibiya bayan magani ma AFP ne a gaba, idan da ma ya tashi tun farko. Bayan an cire ƙari yakan ragu da rabi cikin kusan mako guda, idan ya ƙi sauka ko ya sake hawa likita zai nemi hoto. Har zaɓen magani yana shiga: maganin kansa mai suna ramusirumab ana ba wa waɗanda AFP ɗinsu ya kai 400 ne. A ganina a nan sinadaran sarrafa abinci za su fara samun gurbi, wajen masu kansar da ba ta fitar da AFP, tunda ana iya kwatanta jinin mutum da nasa na baya.

Idan kuna son ƙarin gwaji a kan AFP yanzu, ku tambayi likita game da DCP, wanda ake kira PIVKA-II, da AFP-L3. Furotin ne su ma, an daɗe ana amfani da su a Japan. Ku sanar da shi idan Baba na shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, domin yana ɗaga DCP ba tare da kansa ba. Kuma babu gwajin jini, tsoho ko sabo, da ke tabbatar da kansar hanta shi kaɗai. Idan sikanin ya ga ƙulli da ya kai santimita ɗaya, ko AFP na ta hawa daga gwaji zuwa gwaji, mataki na gaba hoton CT ne ko MRI da ake yi da allurar rini. Ku riƙa ajiye takardun sakamakon a jere da kwanan wata, don likita ya fi samun bayani daga yadda lambar ke tafiya fiye da lamba guda.