Wace 'Yar Tsana Za Ka Saya Don Nuna Raƙumi da Akala?

Idan kana haɗa fenti da ƙyalle da katako a allo ɗaya, kana son nuna yadda wani ke juya wani, miji da mata ko uba da ɗa, kafin ka tambayi kuɗin 'yar tsana fara tambayar kanka: a ina nake son mai kallo ya ga hannun mai jan akalar?

Mai zare ita kowa ke fara nema. Zaruruwa daga kai da kafaɗu da hannuwa da gwiwoyi suna haɗuwa a sandar da ke sama, ba ka buɗe baki ba sun riga sun yi maganar. Duba gaɓoɓinta da kyau, in sun yi tauri gunki ka saya. Zaren ma zaɓi ne: na roba irin na kamun kifi ba ya ganuwa sai an matso, ya dace da mulkin da ake yi cikin murmushi, baƙin zare mai kauri kuwa na mulkin gadara ne. Ta katako tana da nauyi, sai allo mai ƙwari. Ta takarda da gam ba nauyi, amma ba ta shiri da laima. Aibin mai zare ɗaya ne, an yi ta har an gaji. Mai kallo zai gane da kallo ɗaya ya wuce.

Ni dai na fi son wadda ake zura wa hannu. Babu zare, mai juyawar yana cikin jikinta, in ya zare hannunsa ta zube kamar buhun da aka zazzage. Wanda ya taɓa ganin mutumin da ba ya iya yanke shawara sai an yanke masa ya san wannan zubewar. Ita ce mafi araha, kana ma iya ɗinka ta da kanka. Mai zane Paul Klee ya yi wa ɗansa Felix irinta wajen 50 tsakanin 1916 da 1925, da tarkacen gida. Sai dai in kana son ta tsaya a allo, sai ka sa mata waya a ciki.

Irin ta Bunraku, wasan 'yan tsana na Japan, mutum uku ke riƙe ta: ɗaya kai da hannun dama, ɗaya hannun hagu, ɗaya ƙafafu, kuma a idon jama'a. Don nuna wanda iyaye da aboki da maigida ke ja lokaci guda, babu kamarta. Amma babba ce, ga tsada, gara ka sa a yi maka ƙarama mai sanduna.

Ta inuwa, irin wayang ta Indonesiya da ake yankawa daga fatar ɓauna, kada ka saye ta sai ka tanadi fitila da farin ƙyalle, ka kuma tabbata inda za a rataye aikin akwai wuta.