Fanka mai caji ko ƙwayar barci: wanne za a saya?

Hajiya, tsakanin fanka mai caji da kwalbar ƙwayar barcin nan, melatonin, da kika ce ana tallata miki, sayi fankar. In canji ya ragu, ki haɗa da gidan sauro.

Barci ba ya ɗaukar mutum sai zafin cikin jikinsa ya ɗan sauka. Daga Maris zuwa Mayu, ɗaki mai rufin kwano yana riƙe zafin rana har tsakar dare, ko bango kika dafa ɗumi za ki ji. A irin wannan ɗaki, ko kin haɗiyi ƙwaya, ƙarfe biyu gumi zai tashe ki, matashi ya jiƙe sharkaf. Fanka tana busar da gumin jiki ya huce, ƙararta kuma mai tafiya bai ɗaya tana danne haushin karnuka da rurin janaretan maƙwabta. Ki ajiye ta kusa da taga ta riƙa jawo iskar waje, a lamba ɗaya ko biyu, kada ta saita fuska don kada ki tashi da busasshen maƙogwaro. In kin ɗaura gidan sauro, ki matso da ita, domin raga tana tare iska. Sabon gidan sauro mai magani kuwa sai an shanya shi a inuwa kwana guda kafin a shiga, in ba haka ba fuska ta yi ta raɗaɗi.

Sai abin da za ki haɗa mata da shi, wanda ba ya cin ko sisi. Shayi, kofi, goro da baƙin lemon kwalba ki sallame su tun la'asar, saboda bayan kamar awa 5 rabin sinadarin da ke hana barci yana nan cikin jini. Tuwon dare ya riga kwanciya da awa 2 zuwa 3, musamman in miyar da yaji, gudun ƙwannafi. Saura awa ɗaya ko biyu ki kwanta, ki yi wankan minti 10 da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Mutane kan ce ruwan ɗumi cikin wannan zafi? E, shi ne ke buɗe jijiyoyin jinin fata da na tafin hannu da ƙafa, zafin ciki ya samu hanyar fita. Ruwan randa mai sanyi ƙarara wartsakar da mutum yake yi. Daga nan a kashe farin ƙwan lantarki, waya ta tafi caji can nesa da gado, a yi alwala da azkar, a kwanta. Lokacin tashi ya zama ɗaya kullum, Asuba ta wadatar, ƙailula kuma kada ta wuce minti 30.

Melatonin dai ba a ce ba shi da amfani ba. Yana taimakon wanda agogon jikinsa ya karkace, kamar matafiyi ko mai aikin dare. Amma ba ya sanyaya ɗaki, ba ya korar sauro, kuma mai ciki ko mai shayarwa ba ta taɓa shi sai da izinin likita.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da wasu masu kyamis. Da kin ce maganin barci, sai a yanko miki diazepam ko Piriton ba takardar likita. Na farko cikin 'yan makonni yake kama jiki, na biyun maganin atishawa da ƙaiƙayi ne, bayan 'yan kwanaki ya daina sa barcin, ya bar ki da bushewar baki da kasala.

Masu sayar da fanka ma akwai 'yan damfara. Awa 12 da suke rantsuwa a kai, a lamba ɗaya ne da sabon batir, wasu kuma tsohon batir suke cusawa cikin sabon jiki. Ki sa a buɗe bayanta ki ga batirin da idonki: na lithium ya fi daɗewa, na dalma ya fi araha amma yana saurin mutuwa in ana barinsa ya ƙare ƙarƙaf. A cire ta daga wuta, a ƙure lambar, ta yi minti 15 tana juyawa a gabanki, sannan ki biya ki karɓi rasit.