Sabuwar kyamara, tsofaffin gilasai: yadda adafta ta yi mini a Katsina

Shekara tara ina yawo da kyamara mai madubi, wato irin wadda madubin da ke cikinta ke nuna wa mai ɗauka abin da zai ɗauka, a bukukuwan Katsina, daga kamu zuwa ɗaurin aure zuwa walimar sauka, kuma duk ɗan abin da na samu a gilasan da ake ɗaura wa kyamara a gaba ya ƙare. Ina da guda uku: EF 50mm f/1.8 STM na ɗaukar fuska, EF 70-200mm f/4L na hawan Sallah, sai ƙaramin EF-S 18-55mm da ya zo tare da kyamarata ta farko. Da na sayi Canon EOS R ta hannu, irin marar madubin nan, fargabata ɗaya ce: kada gilasan nan su zama kayan ado a durowa.

Dalilin fargabar shi ne baki. Kowace kyamara irin wannan tana da bakin da ake murɗa gilashi a ciki, kuma yawanci kowane kamfani da irin nasa. Gilasaina na bakin EF ne, wanda Canon ta fito da shi tun 1987. Ita kuwa EOS R bakin RF gare ta, na 2018. Faɗinsu ɗaya, milimita 54, amma ba sa shiga juna. Bambancin yana ga tazarar da ke tsakanin baki da sensa, wato farantin da hoto ke sauka a kansa. A EF tazarar milimita 44 ce, don a bar wa madubi wurin ɗagawa. Da aka cire madubi sai ta dawo 20. Aikin adafta ke nan, ta cike milimita 24 da suka ɓace, ta kuma sada wayoyin gilashi da na kyamara. Babu ko ƙwayar gilashi a cikinta, zobe ne kawai mai rami, saboda haka ba ta rage wa hoto kyau ko haske.

Da na ji zobe ne kawai sai rowa ta kama ni. Na sayi wata marar suna a wajen wani mai kayan waya, ya rantse mini duk ɗaya ne. A shago ta yi aiki lafiya lau. Ranar Sallah ina tsaye a Ƙofar Soro da dogon gilashina, mahaya sun taho jahi, ƙura ta tashi, na danna, sai kyamara ta rubuto mini Err 01, ma'ana ita da gilashi ba sa jin juna. Na kashe, na kunna, na goge wayoyin da gefen rigata. Kafin ta dawo hayyacinta dawakin da nake jira sun wuce. Da na koma gida na duba a natse, sai na ga nauyin gilashin yana ɗan ɗaga adaftar daga mazauninta. Motsin bai fi kaurin farce ba, amma ya isa ya raba wayoyin. Araha ba ta ado, na ji a jikina.

Bayan sati biyu na sayi ta ainihi, EF-EOS R. Nauyinta kusan giram 110, tana da roba a gefe mai tare ƙura, idan ka murɗa ta kuwa za ka ji ƙas, ta zauna daram. Wata tara ke nan, har Sallar Gani na je da ita Daura, ban sake ganin wancan rubutu ba.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne ƙaramin 50mm ya fi yi mini aiki a sabuwar kyamara fiye da tsohuwar. A da idan na buɗe idonsa har ƙarshe, wato 1.8, a ɗakin amarya, inda haske ke da ƙaranci, sai in tarar ɗankunne ya fito tas, ido kuma ya yi hazo-hazo. Na daɗe ina zargin hannuna. Ashe kyamara mai madubi da wata 'yar na'ura ta daban take auna nisa, idan aka samu ɗan saɓani tsakaninta da sensa, hoto ya kauce. Marar madubi a kan sensar kanta take aunawa, tana kuma bin ido. Yanzu ko amarya ta sunkuyar da kai cikin mayafi, da zarar ta ɗago an gama. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗin adaftar.

EF-S ɗin ma yana hawa, sai dai an yi shi ne don ƙaramar sensa, don haka kyamara na yanke gefen hoton da kanta, daga megafiksel 30 ya koma ƙasa da 12. Ya isa a tura ta WhatsApp. Hoton da za a wanke babba a rataye a falo kuwa, ba na yarda da shi.

Yarona na shago shi ma ya biya kuɗin makaranta. Ya shigo da murna ya ce, "Maigida, na samo mana gilashin Canon a banza, ga EF nan rubuce a jikinsa." Na karɓa na juya, sai ga harafin M a gaba. EF-M na kyamarorin EOS M ne, tazararsa milimita 18, ƙasa da ta RF. Adafta ƙara tazara take yi, ba ta ragewa, shi ya sa babu yadda za a yi ya hau. Na ce masa, "Kai dai gobe ka karanta har ƙarshe." Ban matsa masa ba, don na tuna Ƙofar Soro.

Ba zan ce wa kowa ya bi sahuna ido rufe ba. Wani abokin sana'ata yana riƙe da Sony a7 III, mai bakin E da ya fito tun 2010, kuma idan ya tashi sayen gilashi zaɓi yake yi tsakanin na kamfanonin Sigma da Tamron da Samyang da Viltrox, duk masu saita nisa da kansu, yawanci ƙasa da farashin na Sony. A ɓangaren RF sai a 2024 Sigma da Tamron suka fara fitar da nasu, su ma da na ƙaramar sensa suka fara. Wanda bai mallaki gilashi ko ɗaya ba, ya kamata ya dubi wannan kafin ya zaro kuɗi. Mai tsofaffin gilasan Nikon kuma yana da adaftar FTZ zuwa bakin Z, amma ya sani irin AF-D da hannu zai riƙa saita su, don adaftar ba ta da motar da ke juya su. Panasonic da Leica da Sigma kuwa baki ɗaya suke tarayya a kai, L, tun 2018, sai dai ni ban cika haɗuwa da masu su a wuraren biki a nan ba.

Sai maganar hunturu. Tun da babu madubi a gaba, kana cire gilashi sensa na fuskantar iska. EOS R tana sauke labulen da ke rufe sensa idan aka kashe ta, don haka na saba kashewa tukuna, in juya bakin ƙasa, in sauya cikin gaggawa, a cikin mota idan da hali. Adaftar ba na cire ta sam, ta zama kamar da ita aka ƙera kyamarar. Ta ƙara tsawo kaɗan, har sai da na sake jaka. Gilashin EF-M ɗin yaron nan yana nan a durowa, muna jiran ranar da mai EOS M zai biyo ta shagon.