Shagon kayan gwaje-gwaje da nake saye a Sabon Gari

Ni malamar kemistiri ce a wata makarantar 'yan mata a Kano, kuma wannan bayani na 'yan'uwana malamai ne masu neman inda za su sayi sinadaran koyar da dangin halojin, wato su fulorin, kulorin, buromin da aidin. Akwai wani ɗan shago a Sabon Gari, ƙunci gare shi, mutum biyu ba sa iya gilmawa tsakanin kantocinsa, amma mai shi dattijo ne da ya san abin da yake sayarwa.

Abin da ke wahalar da ɗalibaina kowace shekara shi ne maganar ilektiron, ƙananan ƙwayoyin nan masu cajin ragi da ke kewaye tsakiyar kowane atom layi-layi. A allo na sha rubuta musu cewa kulorin tana da ilektiron 17, an jera su 2, 8, 7, saura ɗaya ta cika takwas a layin waje, shi ya sa take fizgo guda daga wani sinadarin ta zama kulorayid, wato iyon (atom mai ɗauke da caji) mai caji ɗaya na ragi, jerinta ya koma 2, 8, 8 irin na iskar agon. Fulorin mai 9, buromin mai 35 da aidin mai 53 duk bakwai ne a layinsu na waje. Yara suna haddace wannan tsaf, amma zuciyarsu ba ta yarda ba sai sun gani da ido. Ganin kuwa ba ya yiwuwa da gurɓataccen kaya.

A nan shagon ya burge ni. Da na nemi fotasiyam ayodayid, sai dattijon ya ɗauko kwalba biyu ya buɗe a gabana. Ɗaya fara sol, ɗaya ta fara ɗorawa-ɗorawa. Ya ce, "Malama, wannan iska da danshi sun shige ta, ba zan ba ki ita ba." Gaskiyarsa: iyon ɗin ayodayid sun fara sakin ilektiron ɗinsu suna komawa aidin, shi ne launin. Silba naitiret kuma a kwalba mai duhu yake ajiye ta, domin haske yana baƙanta ta. Tataccen ruwansa na gwada shi nan take da ɗigon silba naitiret, bai yi ko hazo ba. Ruwan famfo da na rijiya sukan ɗauke da kulorayid, su ɓata wa mutum gwaji tun kafin ya fara.

A aji kayan sun yi aikinsu. Ruwan kulorin kaɗan a kan fotasiyam buromayid, ruwan da yake garau ya koma ruwan goro. A kan ayodayid ya koma ruwan ƙasa, da muka ɗiga sitaci ya rikiɗe shuɗi mai duhu kamar zai yi baƙi. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, ke nan kulorin ta ƙwace wa aidin ilektiron ɗinta? Wallahi na ji daɗin tambayar nan. Daga nan bayani ya zo da sauƙi: kulorin ƙarama ce, tsakiyarta tana kusa da layin waje, jan ta ya fi ƙarfi. Aidin babba ce, ilektiron ɗin da ta karɓa yana nesa, riƙonsa sako-sako ne. Shi ya sa ƙarfin karɓa yake raguwa daga fulorin zuwa kulorin, buromin, har aidin.

Gwajin silba naitiret ma ya fito yadda ake so ga masu shirin WAEC da NECO. Kulorayid ya ba da farin guda kamar nono ya tsinke, ya kuma narke cikin ruwan amoniya. Buromayid ya yi fari mai ɗan rawaya, ayodayid ya yi ɗorawa ya ƙi narkewa.

Inda nake da ƙorafi biyu ne. Idan mai shagon ya raba sinadari a ƙananan kwalabe, da biro yake rubuta suna, babu ranar da aka yi shi, babu alamar haɗari. A makaranta wannan ba ƙaramin abu ba ne, sai na sake liƙa musu takarda da kaina. Sannan safar hannu da tabarau na kariya ba kullum ake samu ba, alhali silba naitiret tana baƙanta fata kwana da kwanaki. Tana da tsada sosai, amma yana yarda ya auna maka kaɗan. Ruwan kulorin ba ya sayarwa don ba ya jure ajiya, ku haɗa naku ranar gwajin, a bakin taga.