Scratch ko Python, wanne zan fara koya wa yaro lissafi da shi?

Kanina dan aji shida ne a nan Nima, unguwa a Accra, na zaunar da shi gaban laptop dina mu gwada biyun, wato yarukan rubuta program na kwamfuta, kuma gaskiya na ga bambanci.

Scratch dai na jami'ar MIT ne a Amurka, tun 2007 yake. Lissafinsa koren bulo ne, ka jawo na rabawa, ka saka 7 da 2, kyanwar da ke allon Scratch ta fada maka 3.5, shikenan. Ko yaro ya rubuta amsa da hannunsa Scratch da kansa yake gane lamba ce, babu wani ciwon kai.

Python kuwa sai ka nutsu. Mun rubuta dan program na hada kudin waakye, wato shinkafa da wake, ya saka 5 da 5 sai ga 55 a allo, yaro ya zaro ido ya ce yaya ai kwamfutar ta lalace, alhali input(), umarnin karbar abin da ka shigar, rubutu yake dauka ba lamba ba, sai ka sa int() mai maida shi lamba tukuna. Amma wallahi a nan ne ya fara tunani da gaske, don da na nuna masa 7//2, wato rabawa ba tare da ragowa ba, yana ba da 3, sannan 7%2 yana ba da 1 wato ragowa, nan take ya ce kamar canjin da mate, wato kwandasta, yake bayarwa a motar haya ta trotro kenan. Sai kuma 0.1+0.2 da ya fito 0.30000000000000004, shi yasa na ce masa kudi ya rika kirga su da pesewa, sidi daya pesewa 100 ne.

Ni dai wata biyu zan bar shi a Scratch, daga nan sai Python in sha Allah.