Ofishin gyaran zanen SysML a Garwa

Akwai wani ƙaramin ofishin injiniyoyi a Garwa, ƙasar Kamaru, da ke gyara zanen ƙa'idojin lissafi na SysML, harshen tsara na'urori wanda ƙungiyar OMG, mai kafa mizanan fasahar kwamfuta, ta fitar da sigarsa ta farko a 2007. Na kai musu zanen famfon rijiya mai aiki da hasken rana, wanda muka gada daga wani ɗan kwangila, domin ƙarfin wutar da lissafin yake bayarwa ya wuce hankali.

Abin da ya burge ni shi ne, ba su taɓa ƙa'idar lissafin ba sai da suka bi kowane layin ɗauri, wato layin da ke haɗa ƙimomi biyu a zanen, ɗaya bayan ɗaya, suna duba nau'in ƙimar da ke kowane ƙarshensa. Layin ɗauri yana nufin ƙimomi biyu daidai suke, bai damu da wadda ke shiga ko wadda ke fita ba. A nan suka gano cewa an rubuta yawan ruwa da lita a awa, alhali ƙa'idar tana jiran mita kubik a daƙiƙa.

Rahotonsu da Faransanci kawai yake, kuma ya yi gajarta ga mai son koyon gyaran da kansa. Aikin dai ya cancanci kuɗinsa.