Yadin ulu na Ingila ko na Italiya

Duk wanda zai dinka kwat ya san rigimar nan, yadin Ingila ko na Italiya. Gashin tumakin kam galibi daga Ostireliya duka suke sayowa, irin merino, bambancin a saƙa yake.

Na Ingila, wanda ake yi a Huddersfield can Yorkshire, yana da nauyi da ƙarfi a hannu, ka matse shi ka saki ya koma yadda yake, shi ya sa telolin Savile Row a Landan suke ji da shi, kwat ɗin tana tsayawa cak a kafaɗa kuma ta yi shekaru ba ta saki ba. Amma fa don sanyinsu aka yi shi, ka sa shi a watan Afrilu a Kano wallahi zufa ce za ta yi maka wanka.

Na Italiya kuma Biella ce cibiyarsa, can su kamfanin Zegna da aka kafa 1910 suke. Laushi, sheƙi, ba nauyi, yana bin jiki, sai dai in ya yi siriri sosai gwiwar wando da gwiwar hannu kan yi saurin gajiya.

In za ka saya ka duba rubutun gefen yadin. Wool a Turanci da lana a Italiyanci duk ulu ne, seta siliki, lino lilin. Lana vergine kuwa sabon ulu ne da ba a taɓa sarrafa shi ba, ana rubuta haka ne don a garin Prato na Italiya tsofaffin kaya suke warwarewa su sake saƙawa. Ni dai a zafinmu na Italiya nake ba mutane shawara.